Chappal Waddi: mota za ta kai mu, ko sai da ƙafa?

Bashir Kongo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganar da muka fara a gindin dutsen Kufena na nan Zariya ran Asabar nake so mu ƙarasa a nan, tunda ba kowa ya samu zuwa ba. Mun hau Kufena mun sauka har babu lungun da ba mu sani ba a jikinsa. Shawarata bana mu ɗaga kai mu nufi Chappal Waddi a jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Alhaji Tanimu ya ce zai ba da Hilux ɗinsa. Abin da ya rage a sani shi ne yaushe, ta wace hanya, kuma motar har ina za ta kai mu.

Sadiku PZ: Wa alaikumus salam. Bashir, kai da ka zauna hutawa tun ba a yi rabin Kufena ba, kai ne za ka kai mu rufin Najeriya?

Bashir Kongo: Azumi nake yi ranar, Sadiku.

Sadiku PZ: Azumin da aka gan ka da gurasa a Ɗan Magaji? Allah ya karɓa.

Alhaji Tanimu: Ku bar wasa yara. Ni dalilin da ya sa na ce zan ba da mota, ina so ni ma in je. Gwiwata kun san halinta, matattakalar masallaci ma sai na dafa. Amma motar nan ƙafa huɗu take ja, na shiga da ita gonata ta wajen Giwa a tsakiyar Agusta na fito, tarakta ce kaɗai ta riga ni. In har akwai ko da hanyar shanu ce, ban ga abin da zai hana ta kai ni sama ba. A intanet muna ganin Turawa suna hawa duwatsu da irinta.

Baba Lado Kwangila: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gonar Giwa shimfiɗe take, taɓo ne kawai matsalarta. Taɓo daban, hawa daban. Na ja babbar mota a hanyar tudun Mambila, wadda za mu bi zuwa dutsen, lokacin ina da ƙarfina, kuma abin da zan faɗa maka shi ne tun kafin a zo maganar dutsen, hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari ma jarrabawa ce, duk da kwalta ce. Kwana kan kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Akwai wurin da direbobi ke kira Biyu da Sisi, duk wanda ya bi hanyar ya san shi. Hilux za ta hau, ban ce ba za ta hau ba. Amma ƙololuwar Chappal Waddi ban taɓa jin wanda ya kai taya can ba.

Auwal (shugaban zaure): Muna da ɗan can a cikinmu ai. Buba, kana kusa?

Buba Samaru: Ina nan Yaya Auwal, daga lacca na fito. Barkanku. Ni a Nguroje da ke kan Mambila aka haife ni, iyayena suna can har yanzu.

Alhaji, ka yi haƙuri, gaskiyar Baba ce. Mota ba ta zuwa sama. Yadda masu zuwa ta ɓangarenmu suke yi shi ne a bar kwalta a Nguroje, a kama hanyar ƙasa zuwa wani gari da ake kira Njawai. Wannan hanyar ita ce aikin mota mai ƙarfi, ko babur. Daga Njawai sai ƙafa, sai dai in an samu ɗan acaɓa mai ƙarfin hali ya rage maka wani abu a inda babur ke iya bi. Kuma ba hawa ɗaya ba ne kamar Kufena da za ka sa dutsen a gaba ka yi ta hawa har ka kai. Tudu ne bayan tudu. Ka hau wannan kana murna, sai ka tarar dole ka gangara kwari, ka tsallake rafi, ka sake hawa wani. Tsawon da ka sha wahala ka samu, gangara ɗaya ta ƙwace rabinsa. Abin da ke karya wa baƙi zuciya ke nan, ba tsayin ba. Kuma ba tafiyar yini ɗaya ba ce, sai an kwana a hanya.

Alhaji Tanimu: To in babur na bi, me zai hana mota?

Buba Samaru: Faɗin hanyar, Alhaji. Wani wurin sawun shanu ne a jikin gangara, taku biyu ba su jeruwa. Babur ɗin ma sauka ake yi a tura shi.

Malam Iliyasu: Bari in sa baki a kan wani abu da ba a taɓo ba. Dutsen nan ba a fili yake kawai ba, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a duk gandayen dajin ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ofishinsu yana Serti, kuma Serti a kan hanyarmu take kafin a fara hawan Mambila. Wurin da ke da doka ba a shigarsa da ka. Sai an tsaya an nemi izini, an biya abin da suka yanka, sun haɗa mu da ma'aikacinsu. Ko da a ce akwai hanyar mota har sama, ba mu ne za mu yanke shawarar murza taya a kan ciyawar ba.

Na biyu, dutsen a kan iyaka yake. Kana tsaye a sama, Kamaru ce a gabanka. Yankin Mambila kansa sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya tabbata a cikin Najeriya, shi ya sa aka sa wa lardin sunan Sardauna, kuma har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke ciki Sardauna ce. Saboda haka kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Akwai shingayen bincike, kuma baƙon fuska a bakin iyaka dole a tambaye shi.

Sadiku PZ: Malam ya shigo aji. A fito da littattafai.

Malam Iliyasu: Kai da ma ba ka taɓa zuwa da naka ba.

Maman Hanif: Ni tambayata ɗaya. Duk wannan wahalar, kwana a daji, kuɗin mai yadda yake yanzu, don a ga me? Na duba hotunan, ciyawa ce da gajimare. In iska ake so a sha, ga Shere a Jos, mita 1,829, a tafi da safe a kwana ɗaya a dawo. Ga duwatsun Kagoro a jiharmu. Me ya sa sai can ƙarshen duniya?

Bashir Kongo: Maman Hanif, saboda shi ne na ɗaya. Mutum ya ce ya taka wurin da babu wanda ya fi shi tsawo a ƙasarsa.

Maman Hanif: Wato don hoton Facebook.

Bashir Kongo: Har da shi, ba zan ɓoye ba.

Buba Samaru: Anti, hoto ba ya ɗaukar abin. Bari in gaya miki yadda safiya take a can sama in an dace. Za ki farka jikinki na rawa, ciyawa ta jiƙe sharkaf da raɓa, takalmi ya yi sanyi har ba kya son sa ƙafa. Kafin rana ta fito, duk kwarin da ke ƙasa ya cika da farin gajimare, ke kina samansa. Kawunan tuddai ne kaɗai suke leƙowa. Can sai ki ji kukan shanu daga wata ruga da ba kya gani, hayaƙin girkinsu yana tasowa ta cikin farin. Rana na ɗagawa sai abin ya fara yayewa kaɗan-kaɗan, dajin da ke cikin kwazazzabai ya bayyana baƙi ƙirin, tuddai kuma kore har iya ganinki. Mu da aka haifa a can ma in muka koma hutu sai mun tsaya mun kalla.

Maman Hanif: To ka fara ja na. Amma ka ce in an dace. In ba a dace ba fa?

Malam Iliyasu: Yawwa, nan ne gizo ke saƙar. Bashir, wane wata ka sa a ranka?

Bashir Kongo: Hutun ƙarshen shekara, ko farkon Janairu. Lokacin kowa ya samu sarari, kuma hanya ta bushe.

Malam Iliyasu: Hanya ta bushe, amma sama ta rufe. Ku tuna yadda Kufena yake a Janairu. Kana tsaye a kansa Wusasa da ke ƙarƙashinka ma da ƙyar kake ganinta, balle dogon ginin jami'a a Samaru da muke hangowa ƙarara a watan Oktoba. Jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi ma kwana da kwanaki suke yi a ƙasa in hazo ya yi kauri. Ƙurar nan daga Sahara take tasowa, ta wajen arewacin Chadi, kuma ba Zariya kaɗai take sauka ba, tana kaiwa har Taraba ta wuce. A ƙara da hayaƙin ƙunar daji, don da rani ake cinna wa ciyawa wuta saboda sabon toho. Sai ka sha tafiyar nan duka, ka isa sama, ka tarar da farin bango. Tuddan da Buba ya ce kore ne, a lokacin ja ne ko baƙi.

Alhaji Tanimu: To a je da damina mana, lokacin da gari yake wanke.

Baba Lado Kwangila: Da damina? Alhaji, jar ƙasar can in ta sha ruwa santsinta ya fi sabulu. Mota tana tsaye cak sai ka ga bayanta yana zamewa yana neman rami, kai kuma kana riƙe da sitiyari ba abin da za ka iya. Ƙafa huɗu ba ta maganin wannan, duk huɗun ne za su zame tare. Mutanen can da tsofaffin Land Rover ɗinsu suke fama, wasu sun girmi direbobinsu, kuma su ma wani lokaci kwana suke yi a hanya suna haƙa.

Buba Samaru: Kuma daminarmu ta fi ta Zariya tsawo nesa. Tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, wani lokaci ta taɓa Nuwamba. Rafin da za ka tsallake da tsalle ɗaya da rani, da damina sai ka zauna ka jira shi ya sauka. Ga tsawa. A kan tudun da babu bishiya kai ne abu mafi tsawo a wurin.

Malam Iliyasu: Shi ya sa nake ganin ƙofar ƙarama ce: daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, hanya ta fara ƙarfi, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. Ba alkawari ba ne, don akwai shekarar da hunturu ke saurin shigowa. Amma in caca za a yi, nan ne ya fi kyau a sa kuɗi.

Sadiku PZ: Malam, caca haramun ce.

Auwal (shugaban zaure): Sadiku, saura gargaɗi ɗaya in fitar da kai na awa ashirin da huɗu.

Bashir Kongo: Matsalar Nuwamba ita ce ma'aikata da ɗalibai. Tafiyar nan ba ta ƙarshen mako ba ce. Ku lissafa: Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, Jos zuwa Bauci, Gombe, a bi ta Kaltungo a sauka Numan, sannan Jalingo. Wannan kaɗai ya cinye yini, in ma ya isa. Washegari Jalingo zuwa Bali, Serti, a tsaya neman izini, a hau Mambila. Zuwa da dawowa da hawan kansa, mako guda ne a ƙalla. Wa zai ba mu hutun mako a Nuwamba?

Maman Hanif: Wanda ke son ganin abin zai nemi hutu. Wanda hoto yake so ya je Janairu ya tsaya a gaban farin bango, mu ma za mu iya ɗaukar masa irinsa a bayan gidanmu.

Baba Lado Kwangila: Kuma kada wanda ya ce a yi tafiyar dare don a rage kwana. Ban yarda ba, ko ni ke tuƙi ko ba ni ba. Magariba ta yi mana a gari, mu kwana a garin. Kun san halin da hanyoyi suke ciki.

Tunda an zo maganar tuƙi, Alhaji wa zai ja motar?

Alhaji Tanimu: Yarona Mubarak. Ya iya mota sosai, Kaduna yake kai ni ya dawo da ni.

Baba Lado Kwangila: Hanyar Kaduna ba ta koya wa mutum gangara. Ka turo min shi gareji in zauna da shi. Hawa ba shi ke kashe mutane ba, saukowa ce. Yaro zai ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, yana dannawa yana dannawa, birki ya yi zafi, man birki ya tafasa, ya zo kwana ta goma ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. Ka'idar ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ka sa ta biyu, wani wurin ta ɗaya, ka bar inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki. In ka ji warin ƙauri, ka samu wuri ka tsaya ya huce, kada ka zuba masa ruwa. Kuma kada ya kuskura ya sa furi wai yana tattalin mai.

A hanyar ƙasa kuma, ƙaramar giyar nan mai ƙarfi da ke jikin motar, wadda na tabbata tunda aka saye ta ba a taɓa sa ta ba, a tsaye ake sa ta, tun kafin a shiga wurin da ya ɓaci, ba bayan an kafe ba. A rage wa tayoyi iska kaɗan su kama ƙasa. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Igiyar ja, shebur, jak mai kyau da katakon da za a ɗora shi a kai, famfon iska, jarkar mai. A duba lagireto kafin a tashi. Kuma mota ɗaya ba ta shiga irin wannan hanyar ita kaɗai.

Alhaji Tanimu: Wato sai na nemo ta biyu ke nan.

Baba Lado Kwangila: Ko ka ajiye taka a Nguroje a ɗauki ta 'yan gari. Ni da za a bi tawa, haka za a yi. Direban da ke bin hanyar kullum ya san kowane rami da sunansa, kuma in tasa ta lalace ya san wanda zai kira. Taka in ta karye a can, kayan gyaranta sai an aiko daga Jalingo.

Alhaji Tanimu: Baba, kai da Buba kun haɗu kun raba ni da dutsen, yanzu kuma za ku raba ni da motata. To ni ina tambaya, tsakani da Allah: mu da ƙafa ta gaza, shi ke nan ba mu da rabo a irin waɗannan wurare? A wasu ƙasashe ana yin hanya har sama, tsoho da gurgu kowa ya je ya ga ikon Allah. A Obudu ma an sa keken igiya mai ɗaukar mutane. Mu a nan sai a ce sai mai ƙarfi. Wannan ba burgewa ba ce, rashin ci gaba ne.

Anti Saratu Wusasa: Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban so a wuce ta da dariya. Mahaifina ya hau Kufena tun yana yaro, yanzu daga ƙofar gida yake kallonsa. Na san abin da kake ji.

Malam Iliyasu: Ni ma na ji, amma ban goyi bayan a fasa hanya zuwa kan Chappal Waddi ba. Abin da ya sa dajin da ke cikin kwarurukan nan ya rage, har ake samun birai irin su cimfanzi a Gashaka, shi ne wahalar shiga. Duk inda hanyar mota ta shiga daji a ƙasar nan, motar farko ta masu yawon buɗe ido ce, ta biyu ta masu katako. Ku dubi yadda aka yi wa icen madobiya a Taraba cikin 'yan shekarun nan. Kuma jar ƙasa a jikin gangara, in taya ta yanka ta, damina ɗaya ta isa ta mai da sawun ya zama kwazazzabo.

Alhaji Tanimu: Wannan laifin masu tsaro ne, ba laifin hanya ba. A yi hanya a sa doka.

Malam Iliyasu: A sa doka. Alhaji, a ƙasar nan muke tare da kai.

Bashir Kongo: Ni a nan ina tare da Alhaji rabi. Mutanen ƙauyukan can fa? Mu muna son wurin ya zauna yadda yake don mu je mu yi kallo mu dawo gidajenmu kusa da asibiti. Matar da naƙuda ta kama a can, ita ma kallon take so?

Buba Samaru: Yaya Bashir ka taɓo inda ke mana ciwo. Hanyar zuwa garuruwa muna so, ko yau. Na ga an ɗauko mara lafiya a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya sun ɗaure da zani. Amma hanyar gari daban, hanyar kan dutse daban. Babu mai naƙuda a ƙololuwa. A gyara ta Njawai, a bar sama yadda take. Samarin garin ma da jagoranci da dakon kaya suke samun na kashewa in baƙi sun zo.

Kuma Alhaji, ba a raba ka da komai ba. Mambila kanta tudu ce, yawancinta ta haura mita 1,500. Tun a hawan Mayo Selbe akwai inda za a tsaya ka juya ka ga ƙasar da ka baro a shimfiɗe a ƙarƙashinka. Ga gonakin shayi a Kakara, mota na zuwa har wurin. In su sun tafi hawansu, kai ka zauna a gidanmu, Baffana ya zaga da kai, ka sha kindirmon da ba ka taɓa shan irinsa ba. In kuma ka matsa, akwai masu dawaki, ana iya nema maka ka ɗan taɓa hanya.

Alhaji Tanimu: Doki kuma? Rabona da doki tun hawan Sallah ina saurayi. Bari dai mu gani.

Anti Saratu Wusasa: To ni bari in yi nawa aikin, tunda in wani abu ya faru ni za a kalla. Duk mai sikila kada ya sa kansa a hawan nan sai ya ga likitansa, kuma ni shawarata ya zauna tare da Alhaji. Sanyi, gajiya, ƙishirwa da ƙarancin iska a sama, duk abubuwan da ke tayar da ciwon ne, kuma sun haɗu wuri ɗaya, nesa da asibiti. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a cikin jakar da ɗan dako ya yi gaba da ita ba. Mai hawan jini da mai ciwon suga su zo mu yi magana ni da su, ba a zaure ba.

Ruwan rafi komai kyansa a ido, shanu sun sha a sama. A tafasa ko a sa maganin tace ruwa. Takalmi kuma kada wanda ya sayo sabo ranar tafiya. Wanda za ka hau da shi, ka fara sa shi tun yanzu. Ƙafa in ta yi bororo a yinin farko, sauran tafiyar azaba ce, kuma babu mai goya ka.

Sadiku PZ: Ni da silifas nake hawa Kufena, Anti, kuma ni nake riga kowa.

Anti Saratu Wusasa: Na sani, ni na wanke maka yatsa ai. A can takalmi mai rufe idon sawu za ka sa, da dogon wando, saboda ciyawa da abin da ke cikinta. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kuma ta gabansa za mu wuce.

Malam Iliyasu: A ƙara da kayan sanyi na gaske. Lissafin da muke koyarwa shi ne duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Zariya ba ta kai mita 700 ba. Ke nan tsakaninmu da kan dutsen akwai bambancin digiri 11 ko fiye, kafin a sa iska a lissafi. Ku ɗauki asubahin Samaru a tsakiyar hunturu, ku cire wannan.

Maman Hanif: Innalillahi. Alwala fa?

Auwal (shugaban zaure): A ɗumama ruwa a butar shayi. Kuma matafiya ne mu, akwai sauƙin kasaru. Wannan ba zai zama matsala ba.

Maman Hanif: To mata fa? Don na ga ana ta lissafi kamar maza ne kaɗai za su. In har za ni, sai da Anti Saratu, da tantinmu daban, kuma sai Baban Hanif ya yarda ya zo, shi da ko Kufena sai na ja shi.

Anti Saratu Wusasa: In an sa Nuwamba ina ciki. Disamba kam kun san ba na barin gida, ga Kirsimeti ga baƙi.

Buba Samaru: Mata suna hawa, Anti. Matan rugagen can da ƙwarya a ka suke bin tuddan nan kullum su kai nono kasuwa. Abin da zan roƙa kawai, in mun isa gari a fara zuwa gaida jauro kafin a fito da waya ana ɗaukar hoto. A riƙe ɗan goro, sukari, ganyen shayi. Kada a ɗauki matan mutane hoto ba a tambaya ba. Kuma a sama ba a cika samun sabis ba, wani lokaci layin Kamaru ne zai shigo wayarka. Kowa ya gaya wa iyalinsa tun a Nguroje cewa za a ji shi shiru.

Bashir Kongo: To ni har yanzu Janairun nan ce ta fi min sauƙi wajen aiki. In muka dace da ranar da iska ta kwanta fa? Ba kullum ake hazo ba.

Malam Iliyasu: Ana samun ranakun da yake yayewa, gaskiya ne. Amma kai da za ka yi safiya ɗaya tak a sama, ba ka da halin jira.

Auwal (shugaban zaure): To a tsaya nan haka, kada mu kwana. Abin da na fahimta: mota iyakarta Nguroje ko Njawai, za a yanke wannan in Buba ya ji daga gida yadda hanyar take bana. Izini a Serti, Malam Iliyasu zai bincika abin da ake buƙata. Wata kuma ba a daidaita ba, zan sa ƙuri'a gobe, Nuwamba ko Janairu.

Sharaɗi ɗaya ni zan sa, kuma ba na neman ra'ayin kowa a kansa. Duk mai son sunansa ya shiga, daga wannan Asabar zai hau Kufena ya sauka ya sake hawa, da jaka mai kilo 10 a baya, kowane mako har ranar tafiya. Mu haɗu bayan sallar asuba a inda muka saba, a tafi a rukuni, a sanar da mai unguwa kamar kullum, kafin rana ta yi zafi mun sauko. Wanda ya fashe sau biyu babu dalili, na cire shi.

Sadiku PZ: Kilo 10 na me za a zuba?

Auwal (shugaban zaure): Ruwa. In ka gaji ka sha, in ka kai sama ka zubar da sauran don gwiwarka wajen saukowa.

Bashir Kongo: Sau biyu a jere, Yaya Auwal? Ba za a fara da ɗaya da rabi ba?

Alhaji Tanimu: Ni zan zo da mota in jira ku a ƙasa da ƙosai da kunu. Buba, ka tambayar min Baffanka maganar dokin nan, mai sanyin hali, ba irin na 'yan sukuwa ba. Baba Lado, Mubarak zai kawo maka motar Talata.

Baba Lado Kwangila: Ya zo da safe kafin gareji ya cika. Kuma ya taho da kuɗin man birki, na san tunda aka sayi motar ba a canza shi ba.